Mooney: Makomar kamfanin ƙera ƙananan jirage da ya sha sauya iyayen gida

A watan Satumban 2020, wani rukunin masu zuba jari mai suna US Financial, wanda ke da rajista a jihar Wyoming ta Amurka, ya karɓi ragamar kamfanin Mooney, ɗaya daga cikin tsofaffin masu ƙera ƙananan jiragen sama a duniya. Rukunin ya mallaki kashi 80 cikin 100 na hannun jarin kamfanin daga hannun attajiran ƙasar Sin da suka riƙe shi tun 2013. Abin da ya ja hankali a lokacin shi ne sababbin iyayen gidan matuƙa ne, kuma masu jiragen Mooney ne na ƙashin kansu. Ɗaya daga cikinsu, Jonny Pollack, shi ya hau kujerar shugabanci. Sun tarar da masana'antar da ke garin Kerrville a jihar Teksas a rufe, ma'aikata sun watse, layin haɗa jirage ya yi tsit.

Bayan kimanin shekara guda, a watan Oktoban 2021, sai aka ga tallan kamfanin a wani shafin dillancin kamfanoni na intanet, ana neman dala miliyan 15. Wannan kuɗi bai kai farashin sababbin jiragensa guda ashirin ba. Tun daga rufewar ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020, masana'antar ba ta koma ƙera sababbin jirage a jere ba, aikin da ya rage mata shi ne samar da kayan gyara ga tsofaffin da ke shawagi.

Ba wannan ne karon farko da kamfanin ya shiga irin wannan hali ba. Ya sauya hannu fiye da sau goma, ya kuma gurfana a gaban kotun karayar arziki a 1969 da 2001 da 2004, ban da durƙushewarsa ta farko a 1930. Kowane sabon maigida kan zo da kuɗi da alkawari, ya tarar da lissafin da ya kori na gabansa yana nan yana jiransa.

Daga Wichita zuwa Kerrville

Albert Mooney da ɗan'uwansa Arthur ne suka kafa kamfanin a 1929 a birnin Wichita na jihar Kansas, cibiyar ƙera jirage ta Amurka a wancan zamani. A shekarar ce kasuwar hannayen jari ta New York ta rushe, kuma kafin 1930 ta ƙare kamfanin ya mutu. Albert ya shafe shekaru yana zana wa wasu kamfanoni jirage, daga ciki har da Bellanca da Culver, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya sake ɗaura ɗamara tare da abokin kasuwancinsa Charles Yankey. Jirginsu na farko, Mite, ɗan ƙarami ne mai kujera ɗaya, mai arahar mai.

A 1953 suka ƙaura zuwa Kerrville, ƙaramin gari a bakin kogin Guadalupe, mai nisan kimanin kilomita 100 arewa maso yamma da San Antonio. A shekarar ce jirgin M20 mai kujeru huɗu ya yi tashinsa na farko, kuma a ƙarshenta Yankey, wanda shi ne mai kuɗin, ya rasu. Hal Rachal da Norm Hoffman suka ceto kamfanin a 1954, hukuma ta amince da M20 a 1955, shi kuwa Albert Mooney ya tattara nasa ya nasa ya koma kamfanin Lockheed. Sunansa ya ci gaba da zama a jikin jirage, amma bai sake riƙe kamfanin ba har ya rasu a 1986.

M20 shi ne ƙashin bayan kamfanin tun daga wancan lokaci. An ƙera fiye da 11,000 a samfura daban-daban, kuma dubbai daga cikinsu na aiki har yanzu, mafi yawa a Amurka. Ko daga nesa ana gane shi da jelarsa, wadda gabanta ke tsaye cak, ta yi kamar an juya ta baibai. Ɗakin fasinja na kewaye da kejin bututun ƙarfe, ƙashin fiffiken kuma a haɗe yake daga wannan gefe zuwa wancan, abin da ya sa ya yi suna wajen ƙwari. Tayoyinsa na naɗewa su shige ciki bayan tashi, a madadin sifirin mai ruwa kuma faya-fayan roba ne ke shanye girgizar sauka. Samfuran farko fiffiken katako gare su, a farkon shekarun 1960 aka koma alminiyom baki ɗaya.

Duk wannan tsari manufa ɗaya yake yi wa hidima, wato gudu mai yawa da mai kaɗan. A 1976 injiniya Roy LoPresti ya gyara siffar jirgin, ya rage duk wani abu da ke tokare iska, aka fito da M20J. An yi masa laƙabi da 201 saboda yana gudun mil 201 cikin sa'a, kimanin kilomita 323, da inji mai ƙarfin doki 200 kacal. Samfurin Acclaim da ya fara fitowa a 2006 daga baya ya kai gudun kimanin kilomita 448 cikin sa'a, abin da ya ba shi kambun jirgin da ya fi kowane sauri a ajin masu inji ɗaya na fistin da ake ƙerawa don sayarwa.

Jerin masu gida

Ingancin jirgin bai hana kamfanin tangal-tangal ba. A shekarun 1960 ya zuba kuɗi a kan M22 Mustang, babban jirgi mai ɗakin da ake daidaita iskarsa domin tashi can sama. Waɗanda aka ƙera ba su kai arba'in ba, asarar da aka tafka a kansu kuma na cikin abin da ya kai kamfanin kotu a 1969. American Electronic Laboratories ya saye shi, ya miƙa wa Butler Aviation, aka rufe masana'antar a 1971. Kamfanin ƙarafa na Republic Steel ya karɓa a 1973, kuma a hannunsa ne aka ga shekarun albarka na 201. Da Republic Steel ya haɗe da LTV a 1984, sai aka sayar da Mooney, ya ƙare a hannun masu jari ƙarƙashin Bafaranshe Alexandre Couvelaire.

A wannan zamani ne aka yi wani ƙawance da masu bin tarihin kamfanin ke cizon yatsa a kansa har yau. Mooney ya haɗa gwiwa da kamfanin Socata na Faransa aka ƙirƙiro TBM 700, jirgi mai farfela ɗaya da injin tabain, wanda ya fara tashi a 1988. Haruffan T da B na nufin garin Tarbes inda Socata yake, harafin M kuwa Mooney ne. Rashin kuɗi ya sa Mooney ya janye a 1991. Kamfanin Daher da ya gaji Socata ya miƙa TBM na dubu ɗaya ga mai shi a 2020, shekarar da masana'antar Kerrville ke kulle, kuma sababbin samfuran jirgin kowanne ya haura dala miliyan huɗu.

Haka nan gwajin saka injin Porsche a 1988 bai je ko'ina ba. Kimanin arba'in aka sayar, Porsche ya fice daga harkar injinan jirage, masu jiragen da dama suka koma neman a sauya musu inji. A 1997 aka sake sayar da kamfanin, ya karye a 2001, kamfanin Advanced Aerodynamics and Structures ya saye shi a 2002, aka sake komawa kotu a 2004. Da guguwar tattalin arzikin duniya ta taso a 2008, kamfanin ya dakatar da ƙira a watan Nuwamba, ya sallami ma'aikata fiye da 200. Shekara biyar masana'antar ta yi da 'yan tsirarun ma'aikata, suna amsa waya suna aika kayan gyara.

Zuwan 'yan Sin

A watan Oktoban 2013 kamfanin Soaring America, da kuɗin rukunin Meijing na birnin Zhengzhou a lardin Henan, ya sayi Mooney. Asalin sana'ar Meijing gine-gine da dillancin gidaje ne. A lokacin attajiran Sin na rububin kamfanonin ƙananan jirage na ƙasashen Yamma, domin a 2010 gwamnatinsu ta bayyana aniyar sassauta dokar zirga-zirga a ƙasa-ƙasan sararin samaniyar ƙasar, wanda sojoji ke iko da shi. An yi hasashen za a buƙaci dubban jirage na koyo da na 'yan kasuwa. A 2011 rukunin AVIC mallakar gwamnatin Sin ya sayi kamfanin Cirrus da kuma Continental mai ƙera injina, daga baya rukunin Wanfeng ya sayi Diamond na Ostiriya da Kanada.

Meijing ya kashe kuɗi ba kaɗan ba. An sake buɗe layin Kerrville a 2014, an ɗauki ma'aikata, an buɗe sashen bincike a garin Chino na Kalifoniya. A baje kolin jirage na Zhuhai cikin Nuwamban 2014 aka ƙaddamar da M10, sabon ƙaramin jirgin koyo mai injin dizal, wanda aka zana da kasuwar Sin a zuciya. Samfurin gwajinsa ya tashi a Disambar 2015, amma a 2017 aka jingine aikin ba a sayar da ko ɗaya ba. A wannan shekarar dai hukuma ta amince da Ovation Ultra da Acclaim Ultra, wato M20 da aka yi wa kwaskwarima, aka ƙara masa ƙofa a ɓangaren matuƙi, aka sabunta na'urorinsa. Farashin Acclaim Ultra ya kusa dala dubu 770.

Kasuwa ba ta amsa ba. A 2018 jirage 14 Mooney ya sayar, alhali Cirrus ya sayar da 380 a wannan aji. Sararin samaniyar Sin bai buɗe da saurin da aka zata ba. A Nuwamban 2019 aka tura ma'aikatan Kerrville gida, aka dawo da su a Disamba, aka sake sallamarsu a Janairun 2020. Wannan ne gadon da Pollack da abokansa suka tarar.

Lissafin da ya ƙi daidaituwa

Tushen matsalar ya girmi kowane ɗaya daga cikin waɗannan iyayen gida. A 1978 kamfanonin Amurka sun fitar da ƙananan jirage 17,811, zuwa 1994 adadin ya faɗo ƙasa da dubu ɗaya. Tsadar mai da hauhawar kuɗin ruwa sun taka rawa, sai kuma ƙararrakin neman diyya. Duk haɗarin da ya auku, ko da jirgin ya shekara talatin a hannun mutane daban-daban, lauyoyi kan kai ƙarar wanda ya ƙera shi, kuɗin inshorar kamfanoni ya yi tashin gwauron zabi. Cessna, wanda ya fi kowa girma, ya daina ƙera ƙananan jirage masu fistin a 1986, Piper ya shiga kotun karayar arziki a 1991. A watan Agustan 1994 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta taƙaita alhakin mai ƙira zuwa shekara 18. Dokar ta dawo da Cessna fagen aiki, amma kasuwar ba ta sake kusantar matsayinta na shekarun 1970 ba.

Masana'antar jirgi na da kuɗaɗen da dole a biya, ko jirgi ɗari aka ƙera ko goma. Akwai albashin injiniyoyi da masu binciken inganci, akwai inshora, akwai kula da injinan aiki da takardun da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Amurka, FAA, ke bukata. Mai sayar da 380 a shekara zai raba wannan nauyi gida 380, mai sayar da 14 kuwa kowane jirgi zai ɗauki kaso mai tsoka. Ga shi injin daga Continental ake sayo shi, na'urorin tuƙi daga Garmin, kuma mai sayen ɗai-ɗai ba ya samun rangwamen mai sayen sari.

Shi kansa tsarin jirgin na da tsada wajen haɗawa. An zana M20 a zamanin da ladan ƙwadago ke da araha. Walda bututun ƙarfe, lanƙwasa fallayen alminiyom, buga dubban ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, liƙe tankin mai a cikin fiffike, duk aikin hannu ne da ke cin dubban sa'o'i. Cirrus, wanda 'yan'uwa Alan da Dale Klapmeier suka kafa a 1984, ya bi wata hanya daban. Yana zuba jikin jirginsa a mazubi da zaren gilashi da ƙaro, manyan ɓangarori kaɗan ne ake haɗawa. Tun SR20 da aka amince da shi a 1998, kowane jirginsa na ɗauke da laimar da za ta sauko da jirgin ɗungurungum idan abu ya ɓaci. Ɗakinsa ya fi faɗi, ƙofa biyu gare shi tun asali, tayoyinsa kuma ba sa naɗewa, don haka babu fargabar mantawa a sauka a kan ciki, kuskuren da ke sa kamfanonin inshora tsawwala wa masu jirage irin Mooney.

Mai sayen sabon jirgi na dala dubu ɗari bakwai ko takwas yawanci ɗan kasuwa ne ko likita da zai ɗauki iyalinsa, kuma ra'ayin iyalin na da nauyi. Laima da faɗin ɗaki sun fi 'yan kilomitocin da Mooney ya ɗara shi gudu tasiri a wajensu. Akwai kuma batun nauyi. Iyakar abin da aka amince Acclaim ya tashi da shi kilo 1,528 ne, SR22 kuwa kilo 1,633. Idan aka cika tankunan Mooney da mai, abin da ya rage ba ya isar manya huɗu da kayansu. Cessna ma, duk da ƙarfin uwar kamfaninsa Textron, ya daina ƙera TTx a 2018, jirgin da ya fi kowane kama da Acclaim a gudu da farashi.

Abokin hamayya na ƙarshe shi ne Mooney da kansa. Jirgin da aka kula da shi yakan shekara hamsin yana aiki, ana sabunta injinsa da na'urorinsa. Mai sha'awar gudun Mooney zai iya samun M20J na hannu a ƙasa da rubu'in kuɗin sabo. Ƙwarin da ya ɗaukaka sunan kamfanin shi ne kuma ya cika kasuwa da tsofaffin jiragen da ke hana sababbi sayuwa.

Takardar da ta fi gini daraja

Mai karatu zai iya tambayar abin da ke sa ake ta sayen kamfanin da ba ya cin riba a kan sabon jirgi. Amsar na cikin abin da ake kira takardar shaidar samfuri. Ita ce shedar da FAA ke bayarwa bayan an tabbatar da cewa zanen jirgi ya cika ƙa'idojin tsaro, kuma samun sabuwa na cin shekaru da miliyoyin daloli. Mai riƙe da ita shi ke da zanen kowane ƙarfe na jirgin, shi ke da hurumin fitar da sanarwar gyara, shi ne hukuma ke tuntuɓa idan aka gano aibi. Baya ga ita akwai lasisin ƙira, wanda ke ba masana'anta damar ƙera jirage da kayan gyara bisa wancan zane.

Jirgin sama ba kamar mota ba ne da makaniki zai ɗauko safaya daga ko'ina ya ɗaura. Kowane abu sai mai takardar amincewa. Doka ta ba wasu kamfanoni izinin ƙera madadin wasu kayayyaki, ta kuma ba mai jirgi damar sa a ƙera masa wani abu don amfanin kansa bisa sharuɗɗa, amma akwai sassan da babu mai zanensu da mazubinsu sai masana'antar asali. Idan mai takarda ya ɓace, jirgin ya zama maraya. Farashinsa zai faɗi, inshora za ta yi wuya, ƙaramin ƙarfe ɗaya zai iya ajiye shi a rumfa na watanni. Masu jiragen Commander 114 da Grumman Tiger sun ɗanɗana wannan bayan kamfanonin da suka yi yunƙurin farfaɗo da su sun durƙushe.

A nan ne dalilin matuƙan da suka karɓi Mooney ya fito fili, domin kare dukiyarsu da ta dubban 'yan'uwansu suke yi. Shi ya sa alkawuran farko na Pollack suka karkata ga jiragen da ke hannun mutane: samar da kayan gyara a kan kari, sabunta na'urorin Garmin G1000 na samfuran baya, da ƙarfafa ƙafafun sauka domin a ƙara nauyin da jirgin zai iya ɗauka. Ƙera sababbi ya zo daga baya a jerin. Masana'antar ta kuma nemi kwangilar ƙera wa wasu kamfanoni sassa domin injina su ci gaba da juyawa.

Sai dai cinikin kayan gyara ma na da nasa ƙalubale. Masana'antar da aka gina don fitar da ɗaruruwan jirage a shekara ta yi wa wannan ciniki girma, kuma ƙera abu biyar ko goma a lokaci guda na sa farashinsa ya yi tsada har masu jirage su koka. Kowace rufewa kuma na tafiya da ƙwararru. Mai walda ko mai lanƙwasa alminiyom da ya shekara talatin a layin M20, idan ya samu aiki a San Antonio ko ya yi ritaya, ba a maye gurbinsa cikin wata guda, kuma da yawa daga dabarun aikin a hannunsa suke, ba a rubuce ba.

Hanyoyin da suka rage

Tarihin wannan sana'a ya nuna inda irin wannan tafiya kan ɓulle. Hanya ta farko ita ce kamfanin ya haƙura da ƙira, ya tsaya a matsayin mai kula da tsofaffin jirage. Mooney ya san wannan hanya daga ɗaya ɓangaren. A 1967 ya haɗiye kamfanin Alon mai ƙera Ercoupe, ya ɗan taɓa ƙera shi da sunan Cadet, daga bisani a shekarun 1970 takardar samfurin ta koma hannun Univair na jihar Colorado. Univair bai ƙera sabon Ercoupe ba, amma ya shafe gomman shekaru yana samar da kayan gyaransa, jiragen shekarun 1940 na tashi har yau.

Hanya ta biyu ita ce ta Viking Air na Kanada. Ya fara da ƙera kayan gyaran tsofaffin jiragen de Havilland, a 2006 ya sayi takardun samfuransu daga Bombardier, a 2010 ya fara miƙa sababbin Twin Otter bayan fiye da shekara ashirin da daina ƙera su. Wannan ne mafarkin masoyan Mooney. Bambancin shi ne Twin Otter jirgin neman kuɗi ne, kamfanonin da ke jigila zuwa tsibirai da ƙauyukan da babu kwalta na bukatarsa, kuma ba shi da madadi na sosai. M20 kuwa jirgin mai sha'awa ne, a kasuwar da Cirrus ya riga ya mamaye.

Hanya ta uku ita ce a samu attajirin da zai ɗauki nauyin sabon zane mai sauƙin haɗawa. Meijing ya gwada da M10, ya janye bayan an kashe kuɗi. FAA ta sassauta ƙa'idojin tantance ƙananan jirage a 2017, amma sassaucin bai rage tsadar gina sabon layin ƙira ba. Akwai kuma wani hadari da ke haɗowa. Injinan waɗannan jirage na shan fetur na musamman mai ɗauke da dalma, wanda ake kira 100LL, kuma a 2022 FAA da masu sana'ar suka ɗauki alkawarin kawar da shi zuwa ƙarshen 2030. Injina masu ƙarfi irin na Acclaim su suka fi dogara da shi, tabbatar da dacewar sabon mai da kowane samfuri kuma aikin injiniyoyi ne da ke bukatar kamfani mai rai.

Abin da ya shafi mai sayen jirgi a ko'ina

Ƙarƙashin Yarjejeniyar Chicago ta 1944, ƙasar da aka zana jirgi a cikinta ita ke da alhakin isar da bayanan lafiyarsa ga duk ƙasar da aka yi masa rajista. Hukumar NCAA a Najeriya, kamar takwarorinta, na dogara da abin da ke fitowa daga can, kuma hukumar can na dogara da mai riƙe da takardar samfuri. Lafiyar aljihun wani kamfani a wani ƙaramin gari na ƙetare kan iya yanke hukuncin ko jirgin koyo zai tashi a Zariya ko a Ilori.

Najeriya ta riga ta ga yadda waɗannan kamfanoni ke jujjuyawa. Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya ta horas da ɗalibai na tsawon shekaru da Tampico TB-9 na Socata, wanda aka daina ƙera shi, kafin ta koma jiragen Diamond, kamfanin da shi ma ya sauya hannu zuwa Wanfeng. Air Beetle guda 60 da aka haɗa a Kaduna domin Rundunar Sojin Sama sun samo asali ne daga RV-6A na kamfanin Van's Aircraft, wanda ya nemi kariyar kotun karayar arziki a Disambar 2023 duk da farin jininsa a duniya. Jami'in da ke tantance tayin kwangila ƙarƙashin Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, ko hadimin da ke rubuta wa minista takardar shawara, yana da tambayoyin da suka wuce farashi da gudu. Jirage nawa kamfanin ya sayar a bara? Wa ke riƙe da takardar samfurin, kuma sau nawa ta sauya hannu? Idan masana'antar ta rufe, wa zai samar da kayan gyara a shekara ta goma sha biyar?

Su kuwa mutanen Kerrville, gari mai mutum kimanin dubu 24, sun sha ganin ƙofar masana'antar da ke filin jirgin Louis Schreiner ta rufe ta buɗe tun 1971. Masu jiragen Mooney ma sun koyi auna lafiyar kamfanin da ma'auni mai sauƙi, wato tsawon lokacin da makanikinsu ke jira kafin kayan da ya yi oda su iso. Muddin kayan na isowa, dubban jiragen za su ci gaba da tashi, takardar samfurin kuma za ta riƙe darajar da za ta sa wani ya so mallakarta. Komawa ƙera sababbi kuwa na jiran maigidan da zai iya rage sa'o'in aikin hannu a kowane jirgi, ya ƙara masa nauyin ɗauka, sannan ya sayar da adadin da zai biya kuɗin masana'antar, abubuwa ukun da waɗanda suka riƙe kamfanin tun daga 2001 suka kasa haɗawa a lokaci guda.